Tarihin Rasha a Bayan Cokali: Yadda Ake Karanta Hatimin Tsohuwar Azurfa

Da farko ina miƙa gaisuwa ga malamanmu. Waɗanda ke raye Allah Ya ƙara musu lafiya da nisan kwana, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Allah Ya jiƙansu da rahama. Sa'an nan ina gai da 'yan ajinmu da sauran tsofaffin ɗalibai, duk inda neman abinci ya jefa kowa.

Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in kawo tawa gudummawa, sai na ga ya dace in ɗauko wani abu daga fannin da na karanta a jami'a, watau tarihi. A aji mun haddace sunayen sarakunan Rasha da shekarar juyin juya hali don mu ci jarrabawa. To ashe kusan duk wannan tarihi yana nan a rubuce a wani wuri da bai kai faɗin farcen yatsa ba, watau bayan cokalin azurfa, ko gindin kofi, ko ƙarƙashin butar shayi. Na san a cikin malamanmu da iyayenmu akwai waɗanda suka yi karatu a Tarayyar Sobiyet a shekarun 1970 da 1980, wasu ma sun dawo da tsarabar irin waɗannan kaya. Ina fatan bayan karanta wannan maƙala za su buɗe kabad su juya bayan cokali su duba.

Dalilin buga hatimi

Tsantsar azurfa tana da taushi. In aka ƙera cokali da ita zalla, ba zai yi wata guda ba zai lanƙwashe. Don haka maƙeran fari, ko a Kano ko a Mosko, sukan yi mata gami da jan ƙarfe don ta yi ƙwari. To a nan gizo ke saƙar, domin ido ba ya iya bambanta gami kaɗan da gami mai yawa. Mai saye ya biya kuɗin azurfa, a ba shi rabi jan ƙarfe, ba zai gane ba sai ranar da ya je sayarwa.

Wannan matsala ta fi damun Rasha saboda har ƙarshen ƙarni na 17 ba ta da mahaƙar azurfa tata ta kanta. Sai a 1704 aka fara narka azurfa a Nerchinsk, can cikin Saiberiya, daga baya kuma a shekarun 1740 aka sami mai yawa a duwatsun Altai. Kafin nan, azurfar da ake ƙira da ita da wadda ake buga kuɗi, galibi daga manyan sulallan Turai ake narko ta. Asalin sulallan wani gari ne mai suna Joachimsthal a ƙasar Bohemiya, wadda yanzu ke cikin Jamhuriyar Cek. Rashawa suka ɗauki farkon sunan suka ce "yefimok", Jamusawa suka ɗauki ƙarshensa suka ce "tala", wanda daga gare shi ne kalmar dala ta samo asali. Dangin waɗannan sulalla ne liyari mai hoton Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780, wanda fatake suka riƙa ƙetaro hamada da shi, maƙeranmu suna narka shi suna yin mundaye da zobba.

Tun tsakiyar ƙarni na 17 ake buga wa wasu kaya alamar gaggafa mai kai biyu a layin masu azurfa na kasuwar Mosko. Amma a 1700 ne Sarki Pita na Ɗaya ya kafa doka sosai, cewa duk maƙerin zinariya ko azurfa ya kawo kayansa a gwada, a buga musu hatimi kafin su shiga kasuwa. Daga wannan doka tsarin da za mu duba ya tsiro.

Lissafin 96

Lambar da mai dubawa zai fi cin karo da ita a kan tsohuwar azurfar Rasha ita ce 84. Da yawa sukan zaci shekarar 1884 ke nan, ko kuma kashi 84 cikin 100. Duka biyun kuskure ne.

Rashawa suna da nasu ma'auni mai suna zolotnik, wanda nauyinsa ya ɗan haura giram 4 da kwata, watau kusan daidai da miskali da masu cinikin zinariya suka sani. Zolotnik 96 shi ne laba ɗaya ta Rasha, kimanin giram 409. Saboda haka in an buga 84, ma'ana a cikin kowane kashi 96 na ƙarfen, kashi 84 azurfa ce, sauran 12 gami ne. Masu tuna darasin lissafi su raba 84 da 96, za su sami 0.875, watau 875 cikin 1000. Alal misali, cokalin da nauyinsa ya kai giram 48, azurfar cikinsa giram 42 ce, jan ƙarfe giram 6.

Daga 1798 aka mai da 84 mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a sayar da sunan azurfa. Akwai kuma 88, watau kimanin 916 cikin 1000, da 91, kimanin 947 cikin 1000, waɗanda aka fi gani a kan kaya masu tsada. Don kwatance, azurfar Ingila 925 ce, liyari kuwa 833. In kuma aka ga 56, to wannan zinariya ce mai karat 14.

Shaidu huɗu

Daga ƙarni na 18 har zuwa 1898, cikakken kayan azurfa na Rasha yakan ɗauki shaidu huɗu, galibi a jere.

Ta farko ita ce ta maƙeri, watau haruffan farko na sunansa, ko cikakken sunan gidan ƙirar in babba ne. Ta biyu ita ce ta jami'in gwaji, ma'aikacin gwamnatin da ya goga ƙarfen a dutsen gwaji ko ya kankari kaɗan ya narka ya auna. Shi ma haruffan sunansa yake bugawa, da shekarar a ƙarƙashinsu. Ta uku ita ce lambar da muka yi bayani. Ta huɗu kuwa tambarin garin da aka yi gwajin.

Tambarin gari shi ya fi daɗin dubawa. Na Mosko, daga wajajen 1741, wani mahayin doki ne yana soke dodo da mashi, wanda Kiristocin can ke kira Waliyyi Joji. Na St. Petersburg, birnin da Sarki Pita ya kafa a 1703, anga biyu ce ta jirgin ruwa a gicciye, da sandar sarauta a tsakaninsu. Na Kazan dodo ne mai fukafuki da kambi. Na Astrakhan kambi ne da takobi a ƙarƙashinsa. Na Nizhny Novgorod barewa ce mai ƙahoni, na Riga kuma mabuɗai biyu a gicciye.

Sai dai akwai tarko a wajen karanta haruffa, domin wasu baƙaƙen Rashanci sun yi kama da na boko amma furucinsu daban. Abin da ka gani kamar B, V ne. H shi ne N, P shi ne R, C kuma S. Bari mu ɗauki misali. Ga cokali an buga masa BC, a ƙarƙashi 1875, sai 84, sai mahayin doki. Mahayin ya ce Mosko. BC ɗin nan V da S ne, watau Viktor Savinkov, jami'in gwajin Mosko daga 1855 zuwa 1888. Ka ga shekarar ta faɗa cikin zamanin aikinsa, shaidu sun gaskata juna. Kafin shi akwai Andrei Kovalsky mai AK, bayansa akwai Anatoly Artsybashev mai AA. Waɗannan sunaye da dubban irinsu wata masaniya ce mai suna Marina Postnikova-Loseva, ta gidan tarihin ƙasa da ke Mosko, ta tattara tare da abokan aikinta a wani kundi da aka buga a 1983, wanda dillalai da masu bincike ke komawa gare shi.

Mu da muke aikin gwamnati ya kamata mu tsaya a nan mu yi tunani. Savinkov ba sarki ba ne, ba janar ba ne, ma'aikacin ofis ne irinmu. Ya shekara fiye da 30 yana sa sunansa a kan kayan da wasu suka ƙera, yana cewa na duba, abin da aka faɗa haka yake. Yau fiye da shekara 130 da barinsa aiki, in kayan da ya yi wa hatimi suka zo gwanjo a Landan, haruffan nan biyu na cikin abin da ake dubawa kafin a yanka farashi.

Kan mace ya maye gurbin tambarin gari

A ƙarshen ƙarni na 19 Rasha ta shiga gyaran harkokin kuɗi a ƙarƙashin Ministan Kuɗi Sergei Witte, wanda ya ɗora kuɗin ƙasar a kan zinariya a 1897. A zamaninsa, a 1896, aka fito da sabuwar dokar gwaji, aka raba daular zuwa gundumomin gwaji 11. Daga farkon 1899 aka daina buga tambarin gari da shekara. A madadinsu aka kawo hatimi guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya: kan wata mace sanye da wani ado mai tudu da matan Rasha ke ɗorawa a ka ranar biki, wanda suke kira kokoshnik. Da wannan suna ake kiran hatimin har yau.

Tunda babu shekara a jiki, inda macen ta fuskanta shi ke nuna zamani. Daga 1899 zuwa 1908 tana duban hagu, lambar gami tana gabanta, haruffan shugaban gundumar gwaji suna bayan ƙeyarta. Na Mosko a lokacin Ivan Lebedkin ne, na St. Petersburg kuma da fari Yakov Lyapunov. Daga 1908 aka juya fuskarta tana duban dama, aka cire sunan jami'i, aka sa harafin Girkanci mai nuna gunduma. Alfa na St. Petersburg ne, delta mai kusurwa uku na Mosko, kaffa na Odesa, nu na Kiev.

A ganina wannan canji na 1908 ya fi girman yadda ake ɗaukarsa. Fiye da shekara 150 mutum ne ke tsayawa da sunansa. Daga nan ofis ne ke tsayawa. Kowannensu da amfaninsa. Hatimin ofis ya fi sauƙin ganewa ga mai saye da ke nesa, kuma ba ya mutuwa in jami'i ya mutu. Amma duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur ya san bambancin takardar da mutum ya sa wa hannu da sunansa da wadda aka rubuta "a madadin Babban Sakatare".

Maƙeran da suka yi fice

Wani lokaci za a ga gaggafa mai kai biyu a saman sunan maƙeri. Wannan alama ce ta cewa gidan ya sami iznin kiran kansa mai kai kaya fada, kuma ba a ba da wannan izni sai an shekara aƙalla takwas ana kai kaya ba tare da ƙorafi ba.

Gidan Sazikov na daga cikin na farko. An kafa shi a Mosko a 1793, ya kuma sami lambar yabo a babban baje kolin Landan na 1851. Wanda labarinsa ya fi burge ni shi ne Pavel Ovchinnikov. An haife shi a 1830 yana bawan gandu, mallakin wani basarake na gidan Volkonsky. Aka tura shi Mosko koyon ƙira, ya fanshi kansa, ya buɗe maƙerarsa a farkon shekarun 1850, tun kafin a soke bautar gandu a Rasha a 1861. Kafin rasuwarsa a 1888 sunansa yana ƙarƙashin gaggafar fada, kuma ya buɗe makarantar koyar da yara sana'a a cikin masana'antarsa. Shi da abokin gasarsa Ivan Khlebnikov, wanda ya kafa tasa masana'anta a Mosko a 1871, sun shahara wajen ƙawata azurfa da narkakken gilas mai launi iri iri.

Sunan da duniya ta fi sani shi ne Fabergé. Gustav Fabergé ya buɗe shago a St. Petersburg a 1842, ɗansa Karl ya karɓi ragama a 1872. A 1885 ya ƙera wa Sarki Alezanda na Uku ƙwan zinariya na farko, kyautar bikin Ista ga sarauniya, kuma a shekarar ya sami iznin fada. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Karl ba shi ke zama gaban wuta yana ƙira ba. Yana da manyan maƙera, kowa da maƙerarsa da yaransa, kuma a St. Petersburg kowa yana buga haruffansa kusa da sunan gidan. Mikhail Perkhin, ɗan ƙauye daga yankin Kareliya, shi ne babban maƙeri daga 1886 har rasuwarsa a 1903. Henrik Wigström, mutumin Finlan mai haruffan H.W., ya gaje shi har 1917. Reshen Mosko kuwa, wanda aka buɗe a 1887 kuma ya fi yin kayan tebur na azurfa, galibi sunan gidan kawai yake bugawa da gaggafa a sama.

Bayan boren 1905 wasu maƙera sun haɗu sun kafa ƙungiyoyin gama-kai da ake kira artel. Su lamba suke bugawa maimakon suna. In ka ga 6MA ko 11MA, ƙungiya ta 6 ke nan ko ta 11 ta Mosko. Can kudu a Dagestan kuma akwai ƙauyen Musulmi mai suna Kubachi, wanda ya daɗe da yin suna wajen ƙera kuben takobi da na wuƙa da baƙin zane a kan azurfa.

Juyin juya hali da wutar narki

Juyin juya halin 1917 ya zo ya rushe wannan duniya. An rufe gidan Fabergé a 1918, Karl ya tsere ya rasu a Suwizalan a 1920. A 1922, lokacin yunwar yankin kogin Volga, gwamnati ta ba da umarnin kwashe kayan zinariya da azurfa daga majami'u, aka narka mai yawa. Daga 1931 zuwa 1936 kuma aka yi shagunan Torgsin, inda talakawa suka riƙa kai zobba da cokulan gado suna musaya da gari da sukari, lokacin da yunwa ta kashe miliyoyin mutane a Yukren da Kazakistan da wasu sassan Rasha. Wani kason kayan fada gwamnati ta sayar wa attajiran Turai da Amurka don ta sami kuɗin sayen injuna. Saboda haka duk cokalin da ya kai yau da hatimin Savinkov a bayansa, ya tsallake wuta ba sau ɗaya ba.

Hatimin shi ma ya bi siyasa. A 1927 aka cire kan mace aka sa kan lebura da guduma, aka bar lissafin 96 aka koma na 1000, 84 ta zama 875. A 1958 aka kawo tauraro mai tsini biyar da guduma da lauje a cikinsa. Wannan shi ne malamanmu da suka yi karatu a can za su fi gani a kan tsarabarsu. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, sai a 1994 Rasha ta dawo da kan mace mai kokoshnik, amma da lamba ta lissafin 1000. Don haka kan mace tare da 875 ko 925 sabon kaya ne, ba na zamanin sarakuna ba.

Wata 'yar sanarwa ga masu mariƙin kofin shayi irin na jirgin ƙasa: yawancinsu ba azurfa ba ne. In an rubuta МНЦ a gindi, gamin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, wani lokaci a shafa masa ruwan azurfa. Darajarsa ta tunawa ce.

Jabu

Duk abin da ya yi tsada sai an yi jabunsa, kuma sassaƙa ƙarfen buga hatimi ya fi ƙera kofi mai kyau sauƙi nesa ba kusa ba. Masana har ba'a suke yi cewa kayan Fabergé da ke yawo a duniya sun fi waɗanda gidan ya ƙera yawa. Ko a 2021 sai da aka yi ta cece-kuce a kan sahihancin wasu kaya da aka baje a wani nuni a St. Petersburg.

Hanyar kama jabu irin ta alƙali ce, watau a sa shaidu su fuskanci juna. Perkhin ya rasu a 1903, macen ba ta juya dama ba sai 1908, saboda haka haruffansa kusa da mace mai duban dama ƙarya ce. Kan mace tare da shekarar 1880 ƙarya ce, domin ba a haife ta ba tukuna. Gaggafar fada tare da 875 ƙarya ce. H.W. tare da delta na Mosko abin tuhuma ne, tunda Wigström a St. Petersburg ya yi aiki. Har rubutu yana tona asiri. Kafin gyaran ƙa'idar rubutu na 1918, sunayen da suka ƙare da baƙi irin Ovchinnikov ana rufe su da wani harafi da ba a furtawa, ъ, kuma majabci na zamani yakan manta da shi.

Bayan haka sai a ɗauki gilashin ƙara girma. Hatimin gaskiya da ƙarfe ake buga shi, gefensa a yanke, kuma ya tsufa tare da kayan. In kofi ya goge ya sha hannu amma hatiminsa sabo fil, akwai magana. In haruffan sun yi dishi-dishi da ƙananan ramuka, alama ce an zuba su ne a kwami daga wani kayan. Wasu ma sukan yanko hatimin gaskiya daga tsohon cokali su liƙa a gindin sabon kofi, sai an duba da kyau a ga zagayen liƙi. Daga ƙarshe sai a dubi aikin kansa. Gidan da ke kai wa sarki kaya ba zai fitar da murfin da ba ya rufuwa daidai ba, kome kyan sunan da aka buga a jiki.

Kammalawa

Jama'a, kusan dukanmu muna da hatimin da muke bugawa. Wani likita ne mai sa hannu a takardar lafiya, wani injiniya ne mai shaidar an kammala aiki, wani akanta, wani malami mai ba da maki, ni kuma ga ni da fayil. Doka ta Sarki Pita ba ta hana ha'inci ba gaba ɗaya, amma ta sa an san wanda za a tambaya. Daular da ta ɗauki Savinkov aiki ta rushe, wadda ta gaje ta ma ta rushe, amma in aka gwada cokalin da ya ce 84 ne, ana sa ran a same shi 84.

Takardar shaidar da makarantarmu ta ba mu ita ma hatimi ce, malamanmu ne suka gwada mu suka sa hannu. Ko mun fito 84 ko mun fi jan ƙarfe yawa, mutanen da ke zuwa gaban teburanmu su ne za su faɗa. Duk wanda ya sami wata alama a bayan cokalinsa, ya zo da shi taronmu na shekara mu duba tare. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya saka wa malamanmu da alheri, amin.